Yadda ake tafiyar da yaƙin gidan Shimazu a Shogun 2, da yadda za ka ba da labarinsa

Wani abokina ya taɓa zuwa da murna ya ce mini ya ci Kyoto, babban birnin Japan na da, a wasan kwamfuta na Shogun 2. Na taya shi murna, sannan na tambaye shi abu uku: a wace shekara, da larduna nawa a hannunsa, kuma wane gida ne ya fara juya masa baya. Bai iya amsa ko ɗaya ba. Ya shafe kusan wata guda yana buga wasan, amma abin da ya rage masa kalma biyu ce, “na ci”. Abin ya dame ni, domin daɗin Total War: Shogun 2 ba a ranar nasara yake ba. Yana cikin shawarwarin da ka yanke a hanya, kuma su ne abin da ɗan'uwanka mai buga wasan yake son ji daga bakinka.

Kamfanin Creative Assembly na Ingila ne ya ƙera wasan, Sega ta fitar da shi a watan Maris na 2011. Yana ɗaukar ka zuwa Japan ta shekarar 1545, tsakiyar zamanin da ake kira Sengoku, lokacin da ikon shogun, wato shugaban mulkin soja na ƙasar, na gidan Ashikaga ya zama na suna kawai, kowane daimyo, wato sarkin yanki, yana jan zarensa. Dogon yaƙin da ake bugawa a kan taswira, wanda 'yan wasa ke kira kamfen, yana tafiya zagaye-zagaye. Kowane zagaye yanayi ɗaya ne na shekara, huɗu ke nan a shekara guda. A dogon kamfen ana so ka riƙe larduna 40, har da Kyoto, kafin shekarar 1600 ta wuce.

Kafin ka danna komai

Zaɓi gidan Shimazu. Akwai Oda mai arhar dakaru, akwai Takeda mai dawakai, akwai Chosokabe mai maharba, amma ga wanda yake son ya koyi wasan ya kuma samu labari mai kan gado, Shimazu ya fi. Lardinsu, Satsuma, yana can ƙuryar kudancin tsibirin Kyushu, teku ce a bayansu. Ɓangare ɗaya kawai za ka fuskanta. Mayaƙansu masu takobin katana sun fi na sauran gidaje, janar-janar ɗinsu kuma sun fi riƙon amana.

Matakin wahala ka sa shi a matsakaici ko mai wuya. Kada ka fara da mafi tsanani, wanda ba ya barin ka ajiye wasa da hannunka. Mu da wuta ke ɗaukewa ba sallama muna bukatar ajiya a lokacin da muka ga dama.

Sai ka nemo littafin rubutu da biro ka ajiye kusa da kwamfuta. Wannan shi ne matakin da mutane ke tsallakewa. A ƙarshen kowace shekara ta wasan, wato bayan zagaye huɗu, ka rubuta layi uku ko huɗu: shekarar, yawan lardunanka, kuɗin da ke baitulmali da wanda ke shigowa, rarar abinci, da wanda kake yaƙi da shi. Idan wani abu babba ya faru, kamar mutuwar janar ko karya yarjejeniya, ka ƙara shi tare da dalilin da kake gani ya jawo shi. Fayil ɗin ajiya ma ka riƙa sa masa suna mai ma'ana, misali “Shimazu 1549 kafin Bungo”, kada ka riƙa danne fayil ɗaya kullum.

Shekaru biyun farko: gidan Ito

Kana buɗe ido a matsayin Shimazu Takahisa, yaƙi na jiranka da gidan Ito, masu riƙe da Osumi da Hyuga. A zagayen farko ka yi abu huɗu. Ka aika wa gidan Sagara na Higo, maƙwabcinka na arewa, tayin ciniki, don ka samu kwanciyar hankali ta wannan ɓangaren. Ka fara gyaran gona. Ka ɗauki ashigaru masu mashi da masu baka, wato talakawan da aka ba makami. Sannan a fannin ilimi ka fara da hanyar Chi, wadda ke buɗe maka kasuwa, kafin ka zurfafa a hanyar Bushido ta yaƙi.

Na san zuciya za ta ja ka ga samurai, wato ƙwararrun mayaƙa, tun farko, tunda su ne abin alfaharin gidan. Ka daure. Kuɗin wasan sunansa koku, wanda a asali ma'aunin shinkafa ne, kimanin lita 180, abin da ake ƙiyasta zai ciyar da mutum ɗaya shekara guda. Kowace runduna tana cin koku a kowane zagaye ko ta yi yaƙi ko ba ta yi ba, kuma ta samurai ta fi ta ashigaru ci nesa ba kusa ba. Lardi ɗaya ba zai ɗauki nauyinsu ba.

Ka haɗa duk abin da kake da shi, daimyo da janar a gaba, ka buge rundunar Ito da ke kusa, ka wuce Osumi kai tsaye. Kada ka tsaya jiran cikar runduna. Kwamfuta ma tara mayaƙa take yi, kuma duk zagayen da ka ba ta, ita ya amfana. Daga Osumi sai Hyuga. Abu ɗaya za ka kiyaye: rundunar da hunturu ya riske ta a ƙasar abokan gaba tana raguwa da kanta. Ka lissafa tafiyarka yadda za ka ci garin kafin sanyi, ko ka koma cikin iyakarka, inda mayaƙan da suka ragu ke cikowa.

Idan ka ci gari za a ba ka zaɓi: ka shiga lami lafiya, ka washe shi, ko, a wasu lokuta, ka mai da mutanensa 'yan amana masu biyan ka gandu. A wannan matakin ka shiga lami lafiya. Wasoso yana kawo kuɗi nan take, amma yana rage mutuncin daimyo, kuma mutuncin nan shi ke riƙe biyayyar janar-janar da ƙimarka a idon sauran gidaje. Sabon gari yana zuwa da ƙiyayyar baƙo, wadda ke raguwa a hankali. Ka yafe masa haraji na ɗan lokaci, ka bar masa runduna ɗaya ko biyu ta ashigaru.

Yadda ake faɗa a fili

Tsarin mai sauƙi ne a faɗa: mashi yana kashe doki, takobi yana cin mashi, doki yana tattake maharba, kibiya kuma tana cin wanda ba shi da sulke mai kyau. Aiki da shi ne ke bukatar natsuwa. Ka jera masu mashi a tsakiya, ka sa su yi katangar mashi, su tsaya kada su motsa. Maharba a gabansu da farko, su ja baya idan abokan gaba sun matso. Masu katana a gefe biyu, ba za su shiga ba sai an haɗu an cakuɗe, sannan su zagayo ta haƙarƙari ko ta baya. A wasan nan ba kashe kowa ake yi ba, karya zuciya ake yi. Runduna ɗaya ta juya da gudu, na kusa da ita sai gwiwarsu ta yi sanyi. Shi ya sa janar ɗinka zai tsaya bayan sahu, kusa yadda mayaƙa za su ji ƙarfin kasancewarsa, nesa yadda mashi ba zai same shi ba. Ya faɗi, sahu ya watse.

Akwai wata dabara da na fi so, domin ta gidan ce tun asali. Shimazu na tarihi sun yi suna da abin da ake kira tsurinobuse: 'yar ƙaramar runduna ta tsokano abokan gaba, ta yi kamar an kore ta, su biyo ta, sai waɗanda suka yi kwanton ɓauna a dama da hagu su rufe su. Da irin wannan yaƙin suka karya gidan Otomo a Mimigawa a 1578. A wasan za ka iya kwatanta shi. Rundunar da ta tsaya cik a cikin kurmi ba a ganinta. Ka ɓoye masu katana a kurmi biyu, ka tura maharba ko mahaya marasa nauyi su yi harbi su ja da baya ta tsakani. Kwamfuta takan biyo. Ranar da ta yi maka daidai, kada ka fita daga allon sakamako sai ka ajiye maimaicin faɗan, domin wasan yana ba da damar haka, kuma irin wannan ne abokanka za su so su gani da idonsu.

Idan kai aka zo wa, ka tsaya a cikin ganuwa. A Shogun 2 kowane dakare yana iya hawa bango ba tare da tsani ba, amma yana isowa sama a gajiye, ɗaya bayan ɗaya, wasu ma su faɗo. Maharba a kan bango, masu mashi a bayansu, za ka ga 'yan tsiraru sun kori ninkinsu.

Cinye Kyushu, da kuɗin teku

Kyushu larduna takwas ne a wasan: Satsuma, Osumi, Hyuga, Higo, Bungo, Buzen, Tsukushi da Hizen. Burinka na shekaru goma na farko shi ne su zama naka duka. Gidajen Otomo da Shoni sukan gwabza da juna a arewa. Ka bar su su gaji, ka bi wanda ya raunana. Sagara kuwa, duk daɗin zamanku, wata rana sai ka ci Higo, amma ka bari ya zama su suka fara, ko aƙalla ba ranar da kuka ƙulla wata sabuwar yarjejeniya ba.

Tun kana yaƙi da Ito ya kamata ka fara gina jiragen ciniki. A gefen taswira akwai matsayai a cikin teku inda ake sayo kayan waje irin su siliki, auduga, turare da dawakai, kuma mafi yawansu suna kewaye da Kyushu. Wanda ya riga ya ajiye jirgi a wurin shi ke da shi. Ka fara da jirgi ɗaya a kowane matsayi don kama wuri, sannan ka riƙa ƙarawa. Ka haɗa musu da 'yan jiragen yaƙi, saboda 'yan fashin teku na wako. Kayan nan ba su da riba sosai sai kana da abokan ciniki, don haka duk gidan da ya yarda ka ƙulla da shi.

A cikin gida kuwa, abinci ne ma'aunin komai. Gona tana samar da shi, faɗaɗa ganuwa da manyan kasuwanni suna cinye shi. Idan ya koma ƙasa da sifili, yunwa za ta tayar maka da tarzoma a ko'ina. Kada ka faɗaɗa kowace ganuwa. Ka zaɓi gari ɗaya ko biyu na horar da mayaƙa, Satsuma a kan gaba domin tana da maƙera, wadda za ka iya mayarwa ta makamai ko ta sulke. Sauran garuruwa gona da kasuwa sun ishe su. Kasuwa ce ke ba ka metsuke, jami'in sa ido. Ka zaunar da su a garuruwanka mafiya arziki, harajin zai ƙaru. Su ne kuma ke kama ninja, ninja yana kashe malamin addinin Buda, malamin kuma yana rinjayar metsuke. Ka riƙe wannan zagayen a ka.

Za a zo maka da maganar Turawan Fotugal. A tarihi sun sauka a tsibirin Tanegashima, kudu da Osumi, a 1543 da bindigogi, kuma ɗan mishan Francis Xavier ya iso Kagoshima da ke Satsuma a 1549. A wasan, tashar jiragensu tana kawo kuɗi da 'yan bindiga, tana kuma yaɗa addinin Kirista a lardin, wanda ke jawo rashin jituwa idan gidanka yana kan addinin Buda. Ko dai ka riƙe tashar ka daidaita da gidajen ibada da malamai, ko ka sauya addinin gidan gaba ɗaya ka samu manyan jirage amma ka rasa mutunci da farin jini a wurin maƙwabta, ko ka ƙi su. Ni na fi son ta farkon. Kowacce ka ɗauka, ka rubuta shekarar da dalilinka, domin nan ne kamfen ɗin mutum biyu ke rabuwa.

Inda za ka ja linzami

Nan ne zuciyar maganar. A shafin kula da gida akwai ma'aunin shahararka, yana cika duk lokacin da ka ci gari ko ka yi nasara a faɗa. Ranar da ya cika, shogun zai ayyana ka a matsayin abokin gaban ƙasa. Wasan yana kiran wannan Realm Divide, wato rabuwar ƙasa. Daga ranar, ƙiyayyar kowane gida gare ka tana ƙaruwa a kowane zagaye. Abokan ciniki su janye, abokan ƙawance su bi baya, har surukanka. Cin Kyoto ma yana jawo shi, ko ma'aunin bai cika ba.

A kamfen ɗina na farko ban san da wannan ba. Na haye daga Buzen zuwa Nagato ina cin gari bayan gari, baitulmali kusan fanko, rabin kuɗin shigata daga ciniki. Cikin shekara guda cinikin ya tsaya cak, rundunonina uku suna can gabas, sai ga jiragen wani gida sun sauke mayaƙa a Hyuga, inda ban bar kowa ba. Na ji zafin abin ƙwarai, kuma daga nan na fara rubutu.

Ga abin da za ka yi. Bayan ka gama da Kyushu ka ɗauki wasu larduna a yammacin Honshu, babban tsibirin Japan, ka fi mai da hankali ga masu amfani, kamar Iwami mai mahaƙar ma'adinai, wadda a tarihi ta yi suna da azurfa. Ka riƙa duba ma'aunin bayan kowace nasara. Idan ya kusa cika, ka tsaya. Ka daina cin gari, ko da an bar maka ƙofa a buɗe. Wanda ya kawo maka hari ka kore shi ka dawo.

Shekarun tsayuwar nan, uku ko biyar, su ne na aiki. Ka ɗaukaka gonaki da hanyoyi. Ka lissafa kuɗin shigarka ba tare da ciniki ba, ka tabbata zai ɗauki nauyin mayaƙanka. Ka tara ajiya mai kauri. Yanzu ne lokacin samurai: runduna biyu ko uku cikakku, kowacce da rukuni ashirin, masu katana daga Satsuma a ciki, amma har yanzu da ashigaru masu mashi a tsakiya. Ka ƙarfafa ganuwar da ke bakin iyakarka ta gabas. Ka ajiye jiragen yaƙi a mashigin Shimonoseki, domin jirgi yana iya tare hanyar ƙetarewa da ke tsakanin Honshu da Kyushu, sannan ka bar runduna guda a gida saboda masu zuwa ta ruwa. Ka duba biyayyar kowane janar. Wanda ya yi sanyi ka ba shi muƙami, ko ka aura masa 'yar gidan.

Sai ka taka da ƙafarka, a lokacin da ka zaɓa, da farkon shekara ba da hunturu ba. Bayan ƙasa ta rabu, akwai dabarar da ke ceton tattalin arziki: idan ka ci garin wani gida da aka riga aka shafe, ka farfaɗo da shi a matsayin ɗan amana. Waɗanda aka kafa bayan rabuwar sun fi daɗewa a kan biyayya fiye da na da, za su yi ciniki da kai, kuma ana lissafa lardunansu a cikin naka. Kyoto kuwa, ka je mata da runduna biyu, ka riƙe ta zagaye huɗu, a naɗa ka shogun. Yaƙi bai ƙare ba, sai ka cika arba'in ɗin.

Ba da labarin

Yanzu ka buɗe littafinka. Kada ka karanto wa mutane shi daga farko zuwa ƙarshe, ba wanda zai jure jin zagaye ɗari biyu. Ka fara da gida, matakin wahala da tsawon kamfen, don mai sauraro ya san da wane ma'auni zai auna ka. Sannan ka tsamo wurare uku ko huɗu da hanya ta rabu biyu: ranar da ka yanke hukunci kan Turawa, ranar da ka tsaya, faɗan da ya kusa kai ka ƙasa. A kowanne ka faɗi abin da ke hannunka, abin da ka ji tsoro, abin da ka yi, da abin da ya biyo baya. “Ina da koku kaza, larduna kaza, gidan Mori na bakin iyaka” ya fi “na sha wahala” amfani sau goma.

Ka kira janar-janar ɗinka da sunayensu. Wasan yana ba su halaye da mata da 'ya'ya, kuma mutum ya fi tuna janar ɗin da ya riƙe Buzen da rukuni shida fiye da jadawalin haraji. Asararka ma ka faɗe ta yadda ta faru, da abin da ya jawo ta. Idan ka sake loda wasa bayan an ci ka, ka faɗa, domin wanda ke koyo daga gare ka ya san ainihin wahalar wurin.

Hoto yana taimakawa. Idan ta manhajar wasanni ta Steam kake bugawa, maɓallin F12 yana ɗaukar hoton allo. Ka ɗauki taswira duk bayan shekara biyar daga wuri ɗaya, a jera su a ga yadda launin gidanka ke yaɗuwa. Ka kuma gwada naka da na tarihi, yana ƙara wa hira armashi: Shimazu na gaskiya sun kusa haɗe Kyushu duka, sai Toyotomi Hideyoshi, jagoran da ya fi kowa ƙarfi a Japan a lokacin, ya zo da gagarumar runduna a 1587 ya mai da su kudu. Kai a wace shekara ka gama da tsibirin?

Abin da ya fi duka, a ganina, shi ne musayar fayil. Ajiyayyun wasanni suna cikin AppData, ƙarƙashin Roaming, The Creative Assembly, Shogun2, a jakar save_games. Ka kwafi wanda ka ajiye zagaye ɗaya kafin ƙasa ta rabu ka ba abokinka, muddin wasanku iri ɗaya ne da ƙarin kayan da kuka saya. Kada ka gaya masa abin da kai ka yi. Ya buga shekaru goma daga nan, kai ma ka karɓi nasa ka buga, ku sa ranar da za ku haɗu kowa da littafinsa.